Furen ƙofar gida: magani ne, amma ba na tukunya ba

Ƙarshen damina na je Umm Rakuba gaida gwaggona. Daga garin Gadarif sai ka bi hanyar Doka, gonakin riɗi da dawa dama da hagu. Duniya ta san sunan wurin ne saboda sansanin 'yan gudun hijirar Habasha da aka sake buɗewa a Nuwamba 2020, amma ni gida na je.

Na tarar da ita a rumfa tana tafasa wani ganye. Da na tambaya, sai ta nuna mini winka, furen nan mai fari da ja-ja da muke shukawa a tsohon gwangwani don ado.

"Ɗan nan, maganin sukarina ya ƙare. An ce wannan yana saukar da shi."

Ban ga laifinta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 magani ya yi tsada, wani lokacin ma ko da kuɗinka babu. Amma gabana ya faɗi, don na san tarihin furen.

Asalin winka daga tsibirin Madagaska take. Mutanen Jamaika ma shayinta suke sha don ciwon sukari, kuma wannan ne ya sa wasu masana biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka gwada ta a jikin ɓeraye. Ba su ga tasirin da suke nema ba. Abin da suka gani shi ne fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, sun ragu ƙwarai. Daga nan suka tace sinadarin vinblastine a 1958. Ɗan'uwansa vincristine ya samu izini a Amurka a 1963, kuma har gobe yana cikin manyan magungunan sankarar jini ta yara.

To ina matsalar? Awo. Sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a fitar da giram 1, sannan likita ya auna shi daidai da jikin majiyyaci, ya ba shi ta jijiya. A tukunya kuwa sinadarai da yawa ne suke haɗuwa, ba mai sanin nawa ya sha.

Ba winka kaɗai ba. Dafla, wadda ake kira wardil hamir, tana da sinadarin da ke rikita bugun zuciya, ganyenta yana kashe dabba da mutum. Zaƙami mai farin fure yana ɗauke da atropine, wanda asibiti ke aiki da shi, amma ba banza Bahaushe ya ce masa haukata-yaro ba. Shi kuwa zoɓorodo, karkadenmu, bincike ya nuna yana ɗan rage hawan jini, sai dai bai isa ya maye gurbin ƙwaya ba.

Na ce, "Gwaggo, don Allah a sauke tukunyar nan. Gobe mu je a auna sukarin."

Ta yi shiru, can ta ce, "Rashin sani ya fi dare duhu."

Da safe na raka ta. Ma'aikacin lafiya ya auna, ya rubuta mata magani, muka sha yawo kafin muka samu na wata ɗaya. Na wata mai zuwa kuwa, mu 'ya'yanta ne za mu haɗa kuɗinsa tun yanzu, don kada ta koma ga tukunya. Winkar tana nan a gwangwaninta, jikoki suna ba ta ruwa.