Taba Mai Ƙanshi: Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Sani

'Yan'uwa manoma, da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, samarinmu da yawa sukan ɗauki jaka su nufi Kano cin rani. Waɗansu sukan sami aikin lebura a unguwannin masana'antu, wato Bompai, da Sharaɗa, da Challawa. Bompai ita ce ta fari, tun zamanin Turawa. Sauran biyun daga baya suka zo. Ko da yake masana'antu da dama sun rufe, har yanzu ana jimar fata, ana yin kayan roba da na abinci, ana kuma lodin manyan motoci a wuraren nan.

Idan damina ta kawo kai, yaran nan sukan dawo da ɗan kuɗi da sababbin tufafi. Amma waɗansu sukan dawo da wani baƙon hali kuma. Sun koyi shan wata irin taba wadda hayaƙinta ke ƙanshi kamar alewa ko tuffa. Idan iyaye suka yi magana sai su ce, wannan ba irin ta su kaka ba ce, mai sauƙi ce, ba ta cutarwa. Ko gaskiya ne? Mu da muka san ganye tun yana cikin bedi, bai kamata a ruɗe mu da ƙanshi ba. Bari mu bi zancen daki-daki.

Taba ba baƙuwa ba ce a wurinmu

Asalin taba daga ƙasashen Amurka ne. Turawa sun same ta a can a shekarar 1492, kuma wajen shekarar 1600 ta riga ta iso Afirka ta Yamma. Kakanninmu suka karɓe ta. Suka noma ta a bayan gida da fadama. Tsofaffi suna cusa ta a lofe, waɗansu suna daka ta da kanwa su yi taba gari, mata kuma suna goga furenta a haƙora bayan sun ci goro. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth, wanda ya shiga Katsina a 1851, ya rubuta cewa tabar Katsina ta yi suna har ƙasashe masu nisa.

Daga baya taba ta zama sana'ar kamfani. An buɗe masana'antar sigari a Ibadan a 1937, aka buɗe wata a Zariya a 1959. Kamfanin taba ya riƙa ba manoman ƙasar Zariya da ta Sakkwato iri da taki bashi, ya saye ganyen da suka shanya a inuwa. A ƙasar Yarbawa kuwa, wajen Iseyin, da wuta ake busar da shi cikin ɗaki na musamman. Dattawanmu da yawa suna tune da wannan zamani.

Yadda ake haɗa taba mai ƙanshi

Tabar lofe da ake sayarwa cikin gwangwani ko jakar leda, gauraye ne na ganye iri biyu ko uku. Akwai wanda ake kira Bajiniya. Da zafin wuta ake busar da shi, yakan fito rawaya, yana da ɗan zaƙi na kansa. Akwai Barli, wanda ake shanyawa a inuwa. Shi ba shi da zaƙi, amma yana shan ruwa kamar soso. Saboda haka shi masu haɗi suka fi so.

Sai a jiƙa ganyen da ruwan sukari ko maɗin rake. A turara shi, a danne shi da nauyi kwana da kwanaki har ya yi duhu ya yi laushi. Wanda aka yi wa haka shi ake kira Kabandish. Bayan an yanka shi sai a fesa masa ƙanshi, ko na banila, ko na 'ya'yan itace. A ƙarshe a sa masa wani mai da ake kira gilisarin, domin kada ya bushe a kanti.

Tabar shisha, wadda samarin birni suka fi sani yanzu, haka ake yin ta. Bambancin kawai shi ne an fi cika mata maɗi da ƙanshi, har takan yi danƙo kamar kwaɗo.

To, ku lura da kyau. A cikin dukan aikin nan ƙari aka yi ta yi. Babu inda aka cire dafin ganyen. Idan mace ta zuba zuma a kunun da ya yi tsami, baki zai ji daɗi, amma ciki ya san abin da ya shiga.

Sauƙin a maƙogwaro ya tsaya

A cikin ganyen taba akwai wani sinadari mai suna nikotin. A saiwa ake yin sa, ya hau zuwa ganye. Shi ne makamin da tsiron ke kare kansa da shi daga ƙwari. Shi ya sa a dā ake jiƙa ganyen taba a yayyafa wa shuka don kashe ƙwari. Wanda ya taɓa noman taba ya san ana karye kan tsiron kafin ya yi fure, domin ganye ya yi kauri ya yi ƙarfi. Ƙarfin nan shi ne nikotin. Idan mutum ya zuƙi hayaƙi, ba ya wuce daƙiƙa 20 ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ne ke kama mutum har ya kasa bari.

Ban da shi, masana sun ƙidaya sinadarai fiye da 7,000 a cikin hayaƙin taba. Wajen 70 daga cikinsu suna kawo ciwon daji. Ƙonewar ganyen ce ke fitar da yawancinsu, ko an sa ƙanshi ko ba a sa ba. Sukarin ma, idan ya ƙone, yana ƙara tasa gubar.

Me sukari da ƙanshi suke yi ke nan? Suna kwantar da kaushin hayaƙi. Allah ya yi mana tari domin ya zama mai gadi. Yaron da ya zuƙi tabar kaka, tari da hawaye da jiri sukan kore shi tun ranar farko. Amma mai ƙanshi takan wuce mai gadin nan salin-alin. Yaro ya sha ta farko, ya sha ta biyu, kafin ya farga ya shiga hannu. Kyan ɗan maciji ke nan.

Duniya ta riga ta ga irin wannan dabara. Tun 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka nuna cewa shan taba yana kawo ciwon dajin huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka. Sai kamfanoni suka fito da sigari da suka ce mai sauƙi ne. Sun huda ƙananan kafofi a jikin audugar gindinsa, domin iska ta shiga ta tsinka hayaƙin sa'ad da na'ura ke aunawa. Amma mutum ba na'ura ba ne. Yatsunsa da leɓunansa sukan toshe kafofin, yakan kuma ja hayaƙin da ƙarfi don ya sami abin da jikinsa ya saba. Cutar ba ta ragu ba. Saboda wannan ne yarjejeniyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 2003 ta ce a hana rubuta kalmomi irin su mai sauƙi a jikin kwali. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a 2005.

Lofe da shisha fa?

Mai shan lofe yakan ce shi ba ya haɗiye hayaƙi, a baki yake tsayawa. Gaskiya ne da yawansu haka suke yi. Amma fatar cikin baki tana tsotse nikotin. Hayaƙin kuma yana dafa leɓe, da harshe, da dasashi, da maƙogwaro kowace rana. Ciwon daji na waɗannan wurare ya fi yawa ga masu shan lofe fiye da waɗanda ba sa sha. Wanda ya saba da sigari kuwa, idan ya koma lofe yakan ci gaba da haɗiye hayaƙin yadda ya saba. Masu cusa taba gari a baki su ma ba su tsira ba.

Mai shan shisha yakan ce ruwan tulun yana tace hayaƙi. Ruwan sanyaya shi yake yi, ba ya tsare gubar. Sanyin nan ma shi ke sa a ja shi har can cikin huhu. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a zama ɗaya na awa guda, mutum yana iya zuƙar hayaƙin da ya kai na kara 100 na sigari ko fiye. Ga kuma garwashin da ake ɗorawa a kai. Yana fitar da iskar nan marar wari wadda ke kashe mutanen da suka kwana da gawayi ko janareta a ɗaki rufe. Sa'an nan baki biyar ko shida suna karɓa-karɓa da tiyo ɗaya. Idan ɗaya yana da tarin fuka, sauran suna cikin hatsari.

Hukumar ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin waɗansu suka shaƙa. A gidajenmu, su ne mata da yara.

Kaya biyu a kan jaki ɗaya

Ma'aikacin masana'anta yana da dalili na musamman na guje wa taba. Wanda ke aiki a majemar Challawa ko Sharaɗa yana wuni cikin warin magungunan jima. Na gidan roba yana shaƙar tururin roba mai zafi. Mai ɗaukar auduga, ko siminti, ko dusa yana cikin ƙura. A cikin hanyar numfashinmu akwai waɗansu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share ƙura su turo ta waje tare da majina. Hayaƙin taba yana kashe musu ƙarfi. Sai ƙurar aiki ta zauna a huhu. Mai aiki cikin ƙurar auduga, in yana shan taba, ciwon ƙirjinsa ya fi tsanani. Saurayin da ya tafi da ƙarfinsa ya dawo ba ya iya kai ƙarshen kunya ɗaya sai ya tsaya yana haki, wa zai riƙe masa garma?

Akwai kuma maganar aljihu. Kara 5 a rana, a shekara ya zama kara 1,825. Kara 10 a rana ya zama 3,650. Ku tambayi mai tebur kuɗin kara ɗaya, ku yi lissafin da kanku a taron ƙungiya. Ku gwada shi da kuɗin buhun taki, ko na ɗan akuya, ko kuɗin makarantar yaro. Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero. Kuɗin da ya tashi a hayaƙi ba ya komawa tukunyar tuwo.

Abin da ya shafi gona

Taba dangi ɗaya ce da tumatir, da tattasai, da attaruhu, da gauta. Cutarsu ɗaya. Akwai wata cuta mai sa ganyen tumatir ya yi dabbare-dabbare, ya murɗe, tsiron ya tsumbure. Ƙwayar cutar tana iya zama da rai a cikin busasshiyar taba, har wadda aka sayo a kanti. Mai shan taba yana iya ɗauko ta a yatsunsa ya sa wa dashe. Ba ta da maganin feshi. Haka kuma tsutsar ƙasa mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli tana kama su duka. Don haka kada a dasa tumatir inda aka cire taba.

Mai noman taba shi ma ya kula. Taba tana cin taki ƙwarai, tana gajiyar da ƙasa. Idan aka tsinki ganye da raɓa a jikinsa, nikotin yana ratsa fatar hannu. Sai mutum ya ji jiri, da ciwon kai, da amai, ya zaci zazzaɓi ne. Yara sun fi saurin kamuwa. A ƙasar Kenya, a yankin Migori, manoma da yawa sun bar taba sun koma noman wake, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya. Abin da ya sa suka yarda shi ne an sama musu mai saye tun kafin su shuka. Wannan aiki ne irin na ƙungiyar gama kai.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

1. Kafin samari su tafi cin rani, dattawa su zauna da su, su bayyana musu abin da ke cikin taba mai ƙanshi. Bayani ya fi tsawa amfani.

2. Ma'aji ya buɗe musu asusun ajiya. Wanda ke aiko da kuɗinsa gida kowane mako, kaɗan ne zai rage masa na ƙonawa.

3. Kantin ƙungiya kada ya sayar da taba. Dokar ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sha a wurare kamar asibiti, da makaranta, da motar haya. Kada mu aiki yaro sayen ta.

4. Kada a sha taba a bedin dashe, ko kusa da rumbu, ko tarin kara da harawa. Mai sha ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa dashe.

5. Wanda ya ƙudura zai bari, a tsaya masa. Makon farko shi ne mai wuya. Zai yi fushi, barci zai ƙi zuwa, zai ji kamar ya rasa wani abu. Bayan mako 2 zuwa 4 abin yakan lafa. Ya sa rana, ya faɗa wa iyalinsa, ya jefar da lofe da ashana, ya riƙe asuwaki a baki, ya guji majalisar masu sha. Cikin wata 3 numfashi yakan fara gyaruwa. Bayan shekara 1, ƙarin hatsarin ciwon zuciya yakan ragu da rabi.

6. Duk wanda ya yi tari fiye da mako 2, ko ya ga gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ko muryarsa ta dishe ta daɗe, a kai shi asibiti. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wanda ya faɗa hannun taba ɗan'uwanmu ne. Kada mu yi masa dariya, kada mu nuna shi da yatsa a taro. In ya bari ya sake komawa, a ƙarfafa shi ya sake gwadawa, gama mutane da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da ita. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan bayani a taro na gaba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.