A fara sanin mai magana kafin a ɗauki maganarsa: Yadda ake koya wa ɗalibai tantance majiya

Kowace shekara dubban ɗaliban jami'o'i da kwalejojin Najeriya suna rubuta kundin kammala karatu, kuma galibinsu a intanet suke fara neman bayanai. Samun bayani ya yi sauƙi a yau. Abin da ke da wuya shi ne gane wanda ya cancanci a dogara da shi, domin kundin da aka gina a kan majiya maras tushe kan rushe da tambaya ɗaya a gaban malamai.

Wani bincike da Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 2017 ya nuna inda matsalar take. Sun gwada masana tarihi 10, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗalibai 25. An nuna musu shafuka biyu: na babbar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda aka kafa a 1930, da na wata ƙaramar ƙungiya mai suna makamancin nata, wadda ta ɓalle a 2002. Yawancin ɗaliban sun fifita ƙaramar, saboda kyan shafinta da tambarinta sun ruɗe su.

Masu tantance labaran kuwa ba su ɓata lokaci a kan shafin ba. Sun buɗe wasu shafuka, suka binciki abin da wasu majiyoyi ke faɗa game da kowace ƙungiya, nan da nan suka gano ta ƙwarai. Wannan dabara ita ce malamai da ma'aikatan laburare da dama ke koyarwa a yanzu.

Tsarin ba baƙo ba ne ga mai ilimin addini. Malaman hadisi sun daɗe suna duba isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana da amincin kowannensu, tare da nazarin matanin.

Ana horar da ɗalibi ya yi tambayoyi huɗu. Wane ne ya rubuta, kuma mene ne ƙwarewarsa a fannin? Wa ya wallafa, kuma wace riba zai samu idan an gaskata? Yaushe aka rubuta? Daga ina alƙaluman suka samo asali? Idan jarida ta ambato Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sai a nemo rahoton hukumar da kansa.

Akwai kuma sababbin tarkuna. Wasu mujallu suna karɓar kuɗi su buga muƙala ba tare da masana sun tace ta ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT kan ƙirƙiro sunayen littattafai da babu su. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in ƙarya da manhajar ta ba su. Don haka ake umartar ɗalibi kada ya ambaci aikin da bai gani da idonsa ba.

Amfanin wannan horo bai tsaya a aji ba. A watan Agustan 2014, jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na maganin Ebola ta yaɗu a Najeriya cikin dare ɗaya ta wayoyin hannu, har aka yi asarar rayuka. Tambayar da ake koya wa ɗalibi a laburare, wato wa ya faɗa kuma ina hujjarsa, ita ce aka rasa a wannan dare.