Ƙiba da Aikin Maƙogwaro a Ɗakin Likita



Mu masu nazarin furuci muna da rabonmu a maƙwallato kamar yadda likitoci ke da nasu, domin da taimakonsa ake furta ɓ da ɗ da ƙ. Hasali ma, wanda ya shahara da fara leƙa tantanin maƙwallatonsa da ɗan madubi, a 1854, malamin waƙa ne mutumin Sifen, watau Manuel Garcia. A 1968 masana a Japan suka leƙa shi da siririyar na'ura mai lanƙwasa da ake zurawa ta hanci. Yau likita kan yi wa tantanin nan allura, ko ya gutsuri tsoka don gwaji, mutum na zaune a kujera idonsa biyu, an dai fesa masa maganin kashe zafi.

To, ina matsayin mai ƙiba a nan? Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu, in sakamakon ya kai 30, ƙibar ta zama teɓa. Alal misali, mai tsawon mita 1.7 da ya kai kilo 87 ya shiga sahu.

Kitse ba a tumbi kaɗai yake taruwa ba. Yana shiga harshe da bangon maƙoshi, hanya ta tsuke, shi ya sa minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci suka yawaita ga masu teɓa. Na'urar da za ta wuce salin-alin a maƙoshin siriri, a nan sai ta yi ta gogar nama, kowace goga kuwa tana iya tayar da kakari. Ga kuma ƙwarnafi, wanda shi ma ya fi damunsu. Idan ta wuya za a soka allurar, likita da yatsa yake laluben zakaran wuya, kaurin wuya kuwa kan ɓoye shi. Lalube ya yi tsawo, haƙurin mutum ya ƙare.

Mai jin wannan zai ce gara a kai shi ɗakin tiyata a sa shi barci. A ganina nan ne lissafin yake juyawa. Idan aka kwantar da mai teɓa rigingine, tumbi na danne huhu, ajiyar iskarsa ta ragu. Maganin barci kuma ya saki naman maƙoshi, harshe ya koma baya. Iskar jininsa takan faɗi da sauri fiye da ta siriri. A kujera kuwa, nauyi na ja ƙasa, shi yake numfashi da kansa, har ma ana iya cewa ya yi magana likita ya ji ko muryar ta gyaru. Wahalar kujera ta mintoci ce, kuma ana iya dakatawa.

Saboda haka malami ko ma'aikacin da muryarsa ta dishe makonni, kada ƙiba ta hana shi zuwa a duba, domin dishewar da ta ƙi tafiya wani lokaci alamar ciwon daji ce. Ya gaya wa likita in yana minshari ko ƙwarnafi, don a zaɓi hanya, ta hanci ko ta baki ko ta wuya. Bayan an gama kuma kada ya ci ko ya sha sai maganin ya sake shi, wajen awa ɗaya, gudun ƙwarewa.