Gyaran Rumbun Bayanai Ba Ya Ƙarewa a Danna Maɓalli

A ofisoshi da dama, lissafin kaya da sunayen abokan ciniki suna zaune ne a fayil guda na Microsoft Access, manhajar da ta fito tun 1992, ma'aikata biyar ko goma kuma suna buɗe shi lokaci ɗaya. Ranar da ya lalace alamun ba ɓoyayyu ba ne: layi guda ya cika da #Error, sunan mutum ya rikiɗe ya koma haruffa masu kama da rubutun Sin, ko manhajar ta ce ba ta gane tsarin fayil ɗin ba. Sai a zargi wanda ya taɓa shi ƙarshe, a danna Compact and Repair, a koma bakin aiki. Wannan shan maganin zazzaɓi ne alhali sauro na nan cikin ɗaki.

Asalin matsalar tana ga yadda aka gina Access. Babu wata babbar manhaja a tsakiya da ke karɓar rubutun kowa ta shigar da shi bi da bi. Kowace kwamfuta ita ke miƙa hannu ta hanyar sadarwar ofis ta yi rubutu kai tsaye cikin fayil ɗin, shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4. Abin da ke hana su karo ɗan ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da .laccdb, wanda ke riƙe da sunayen kwamfutocin da ke ciki. Idan wuta ta ɗauke, ko Wi-Fi ya yanke, ko wani ya rufe laftof ana tsakiyar rubutu, shafin zai tsaya rabi sabo rabi tsoho, kuma kowa zai kwashi ɓarnar. Gurbin dogon rubutu ya fi saurin kamuwa, domin ana ajiye abin da ke cikinsa a wani shafi daban, layin kuwa manuni kawai yake riƙe da shi.

Wani zai ce ai maɓallin gyaran yana aiki. Yana yi, amma wani lokaci ta hanyar zubar da abin da ya kasa karantawa, ya bar bayani a wani tebur mai suna MSysCompactError da ba kasafai ake leƙawa ba. Shi ya sa sai kowa ya fita, a kwafi fayil ɗin, a yi gyaran a kan kwafin, sannan a gwada yawan layuka da na ajiyar jiya. In ya ƙi, a buɗe sabon rumbu a kwaso teburan ɗaya bayan ɗaya. Inda kwasowar ta cije, nan ɓarnar take. Daga nan aikin gaske ya fara, wato rubuta lokacin da abin ke faruwa da kwamfutocin da ke ciki, har mai ruɓaɓɓen kebul ta fito fili.

Wasu kuma na ganin a yi watsi da Access kawai. Suna da hujja: fayil ba ya wuce gigabait 2, kuma mutum 255 da aka ƙayyade a takarda za su iya buɗe shi lokaci ɗaya ba a kusantarsu lafiya. A 2018 ma wata sabuntawar Windows 10 ta jawo lalacewar fayiloli a ofisoshin da ba su yi laifin komai ba. Duk da haka, ƙaramin ofis bai buƙatar ƙaura tun bai gwada mai sauƙin ba. A raba rumbun biyu, teburan su zauna a kwamfuta ɗaya mai UPS, kowane ma'aikaci ya riƙe nasa kwafin fuskar aiki. A yi amfani da kebul, kada kuma a ajiye fayil ɗin a OneDrive ko Dropbox.

In an yi duk wannan lalacewar ta ci gaba, ko ma'aikata na shigowa daga wani gari, to aikin ya fi ƙarfin fayil guda. A mayar da teburan zuwa SQL Server ko PostgreSQL.