Rawanin Suraj Mal da Ganuwar Kumher

A watan Janairun 1754 rundunar Marata ta yi wa garin Kumher ƙawanya. Garin yana ƙasar Jat a Indiya, kudu da Delhi, kusa da Bharatpur. Wanda suka zo nema shi ne Suraj Mal, magajin sarki Badan Singh, wanda ya riga ya riƙe ragamar mulki tun da tsufa ya kwantar da sarkin. Laifinsa shi ne a 1753 ya mara wa waziri Safdar Jang baya a rikicin fadar Mughal, sai abokin gabar wazirin, Imad-ul-Mulk, ya haɗa kai da Marata a zo a hukunta shi. Raghunathrao, ƙanin Peshwa, wato babban wazirin daular Marata, shi ya ja ayarin, tare da manyan jarumai biyu, Malhar Rao Holkar da Jayappa Sindiya.

Ganuwar Kumher ta ƙasa ce mai kaurin gaske, harsashin igwa in ya faɗa mata sai ya nutse ya yi shiru. Maharan suka nemi a aiko musu da manyan igwoyin sarkin Delhi, fada ta hana. Kwanaki suka zama watanni.

Ran nan cikin watan Maris, Khanderao, ɗan Malhar Rao tilo, ya fito duba mayaƙansa, sai harsashi daga saman ganuwa ya same shi, ya mutu. An ce uban ya rantse sai ya kwashe ƙasar Kumher ya zuba a kogin Yamuna. Matar mamacin, Ahilyabai, ta yi niyyar bin mijinta cikin wutar ƙona gawa kamar yadda al'adar manyan gidajensu take a lokacin, surukin nata ya roƙe ta kada ta bar shi ba kowa. Ta haƙura. Ita ce daga baya ta mulki ƙasar Holkar daga 1767 zuwa 1795, kuma har yau Indiyawa na ambaton ta da girmamawa.

Bayan mutuwar Khanderao ne Suraj Mal ya nuna cewa ba takobi kaɗai ya iya ba. Bisa shawarar ɗaya daga cikin matansa, ya aika wa Jayappa Sindiya rawaninsa a asirce. A ƙasarsu musayar rawani ɗaurin 'yan'uwantaka ne, wanda ya karɓa ba ya juya wa mai shi baya. Jayappa, wanda dama ba sa ga maciji da Holkar, ya karɓa, ya mayar da nasa. Daga nan ƙawanyar ta fara sanyi. A watan Mayu aka yi sulhu, Suraj Mal ya yi alkawarin biyan rupi miliyan 3 cikin shekara uku, Kumher kuwa ba a ci ta ba.

Shekara shida bayan haka, a 1760, Marata suka dawo arewa don tunkarar Ahmad Shah Abdali na Afganistan. Suraj Mal ya shiga sansaninsu, ya ba shugabansu Sadashivrao Bhau shawara ya ajiye mata da kaya masu nauyi a baya, ya yi yaƙin sari-ka-noƙe da mahaya. Bhau ya ƙi ji. Da saɓani ya yi yawa, Suraj Mal ya janye ya koma gida. Ni dai ban ga laifinsa ba, don mutumin da ya sha ƙawanyar wata huɗu a hannunsu yana da dalilin yin kaffa-kaffa.

Ranar 14 ga Janairu, 1761, Abdali ya ragargaza Marata a Panipat. Waɗanda suka tsira suka bazama kudu cikin tsananin sanyi, da raunuka, da yunwa, wasu ko suturar kirki babu. Hanyarsu ta bi ta ƙasar Jat, kuma duk wanda ya taimake su yana jawo wa kansa fushin Abdali. Suraj Mal ya buɗe musu ƙofa. Shi da matarsa sarauniya Kishori suka ciyar da dubbansu, suka tufatar da su, aka yi jinyar masu rauni, sannan aka ba su guzuri suka kama hanyar Gwalior.