Waƙar fim a mota: Da rikoda ke cin kaset, yanzu memori ke cin mawaƙa

DUK wanda ya taɓa shiga motar haya daga tashar Unguwa Uku zuwa Zariya ko Kaduna a farkon shekarun 2000 zai tuna da wannan. Mota na hawa kwalta, an shafa addu'ar tafiya, sai direba ya miƙa hannu ya zaro kaset, ya ɗan bubbuga shi a cinya, ya tura cikin rikoda. Kafin a kai Kwanar Ɗangora, hatta fasinjan da bai taɓa kallon fim ɗin ba ya haddace amshin waƙar.

To kuma a na cikin jin daɗi sai muryar zabiya ta fara ja kamar ta mai magagin barci, can sai ɗif! Direba ya danna, kaset ya fito da zare ya na reto kamar taliya. Daga nan aiki ya koma kan fasinjan gidan gaba: a nemo biro, a zura a ramin kaset, a yi ta juyi.

A yau kaset ya zama tarihi, amma rigimar direba da rediyon mota ta na nan daram. Yawancin motocin da matasa ke iya saye 'yan kwatano ne, irin su Golf, Vectra, Sharon, Peugeot 406 da tsofaffin Honda, waɗanda rediyon su kaset ko faifan sidi kaɗai ya sani. Su kuwa waƙoƙi duk sun tare a cikin wayar salula. Yadda za a ɗaura auren tsohon rediyo da sabuwar waya shi ne ke cinye kuɗin samari da yawa a banza.

Mota ce gidan rediyon 'yan fim

Masu bibiyar harkar fim sun san cewa tun daga lokacin da 'Sangaya' ya fito a 1999, sannan 'Wasila' ya biyo baya a 2000, waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Furodusa ya kan saki kaset na waƙoƙi tun kafin fim ya shigo kasuwa. Diloli a Bata da Ƙofar Wambai su baza shi, masu tura baro su zaga unguwanni da shi, direbobin bas da tasi su ƙarasa tallar kyauta. Ta wannan hanya muryoyin su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Sani Yusuf Ayagi, Mudassir Ƙassim da Sadi Sidi Sharifai su ka isa ƙauyukan da ko wutar lantarki babu, balle bidiyo.

Har gobe haka abin ya ke. Mawaƙin da ke son ya san ko waƙar sa ta karɓu, ba sai ya tambayi kowa ba. Ya tsaya a bakin danja ya saurari abin da ke tashi daga cikin Adaidaita Sahu. Haka aka yi da 'Jarumar Mata' ta Hamisu Breaker a 2020: babu titin da ba ta bi ba.

Ciwon kaset da na sidi

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma bai yi shi don ranar Kano ba. Motar da aka rufe a rana a watan Afrilu ta kan koma tamkar tanda. Kaset ɗin da aka bari a kan dashbod ya kan lanƙwashe, zaren sa ya saki. A cikin rikodar kuma akwai wata 'yar tayar roba da ke jan zare. Idan datti ya taru a kan ta ko ta yi danƙo, sai zare ya naɗe a jikin ta. Wannan shi ne “cin kaset”. Idan kuma sauti ya dusashe kamar a na waƙa a cikin tulu, kan da ke karanta zaren ne ya yi datti. Auduga da ɗan sifirit sun isa magani. Jan murya kuwa, yawanci bel ne ya tsufa.

Da faifan sidi ya shigo, wanda Philips da Sony su ka fitar a 1982, an ɗauka an huta. Ashe canjin ciwo aka yi. Shi sidi da wani ɗan ido ya ke karanta faifai, kuma babu abin da wannan ido ya tsana kamar ƙurar hunturu. Ga ramukan titi: mota na faɗawa, waƙa na tsalle. Ga karce a jikin faifai.

Akwai kuma wata matsala da ta sha haɗa masu saye da masu shago faɗa. Mutum ya sayi faifai, ya yi lafiya lau a gida, a mota ya ƙi. Ba lallai faifan ne ya lalace ba. Tsohon rediyon mota faifan sauti zalla ya sani, mai ɗaukar minti 74 zuwa 80. Faifan bidiyo na fim, ko wanda aka cusa wa waƙa ɗari ta tsarin MP3, baƙon yare ne a wurin sa. Idan ba a rubuta MP3 a fuskar rediyo ba, kada a wahalar da shi.

Idan rediyo ya ɗauke gaba ɗaya

Kafin a yanke wa rediyo hukuncin kisa, a fara duba fiyus. Akwai ɗaya a akwatin fiyus na mota, sau da yawa kuma akwai wani a bayan rediyon. Abu ne mai arha. Kuskuren da wasu ke yi shi ne su naɗa waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a madadin sa. Fiyus mai gadi ne, ya na mutuwa ne don kada wayarin ya kama wuta. Wanda ya cire mai gadi, ya san abin da ya gayyato.

Na biyu, lambar sirri. Motoci da dama, musamman Honda da Volkswagen, da zarar an cire kan batir sai rediyo ya kulle kan sa don maganin ɓarayi. Na Honda ya kan rubuta CODE, na Volkswagen ya rubuta SAFE. Lambar ta kan zo a wani ɗan kati tare da littafin mota, abin da ba kasafai ya ke tsallako teku da motar kwatano ba. Yawan gwada lambar ka-cici-ka-cici ƙara kulle shi ya ke yi. Duk mai sayen mota ya tambayi wannan lamba tun kafin ya biya, in kuma babu, ya nufi masu gyaran rediyo.

Na uku, rediyon da ke manta tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota. Rediyo wuta biyu ya ke sha: ɗaya mai ɗorewa daga batir, ɗaya mai zuwa idan an murɗa makulli. A rediyon kasuwa, ta farko ruwan ɗorawa ce, ta biyu ja. A wasu motocin Jamus irin su Golf da Opel, gurbin wayoyin nan biyu a juye ya ke. Mai wayarin da ya san aikin sa zai musanya su cikin 'yan mintoci. Wanda bai sani ba zai haɗe su duka a batir kai-tsaye, gari ya waye mota ta ƙi tashi, a shiga neman 'yan turi.

Sannan mai sayen rediyo na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya duba lambobin sa. Wanda aka yi don kasuwar Japan daga 76 ya ke farawa, tsofaffin su tsaya a 90. Irin wannan ba zai taɓa kamo Freedom Radio a 99.5 ba, komai tsawon eriya.

Hanyoyin haɗa waya da mota

Mai rikodar kaset da ke da sauran numfashi, kada ya yar da ita. Akwai wani kaset na musamman marar zare, mai jelar waya. A tura shi cikin rikoda, a soka jelar a ramin iyafis na wayar salula, shi kenan. Sautin sa ya kan fi na wasu na'urori masu tsada. Aibin sa, wasu rikodojin masu juya kaset da kan su su kan yi ta juya shi ba tsayawa.

Mai rediyon da ke da ɗan rami an rubuta AUX, ya fi kowa sa'a. Igiya ɗaya mai kai biyu ta wadatar, kuma sauti na fita tas. Sai dai tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, kamfanoni da yawa sun bi sahu, don haka mai irin wannan waya sai ya ƙara da ɗan mahaɗi, ko ya sayi 'yar na'urar Bluetooth da a ke sokawa a ramin na AUX.

Wadda ta fi yawa a gari ita ce 'yar na'urar da a ke sokawa a wurin kunna sigari, wadda direbobi ke kira MP3 na mota. Ita ƙaramar tashar FM ce. Ta na karɓar waƙa daga memori, filas ko Bluetooth, ta watsa ta a kan wata lamba, rediyon mota ya kamo. Sirrin ta shi ne a samo lambar da babu wata tasha a kai, a saita na'urar da rediyon a wuri ɗaya. A da wannan ba wuya. Yanzu da gidajen rediyo su ka cika Kano da Kaduna, mutum na cikin jin Nura M. Inuwa sai tallar maganin basir ta kutso. Lambar da ke shiru a Kano kuma ta na iya zama ta wani a Zariya. Haka nan akwai motocin da wurin kunna sigarin su ba ya ɗauke wuta ko an zare makulli, don haka a riƙa cire ta da dare.

Wani kuka siriri da ke hawa ya na sauka tare da totur, wannan daga altaneto ya ke. Ya fi fitowa idan a na cajin waya a na kuma jin waƙa ta igiya. A cire caja a gani. In ya ɗauke, an gano ɓarawon.

Mai hali kuwa ya kan canza rediyon ɗungurungum, ya sa mai USB da Bluetooth, ko mai allo na Android. A nan a kiyaye da araha, don an ce ba ta ado. A kuma tabbatar an yi amfani da soket ɗin da ya dace da motar, kada a bar yaron shago ya yanke wayoyi ya murɗa da haƙori ya naɗe da leda.

Filas ma na da nasa halin. Yawancin rediyoyi tsarin FAT32 su ke karantawa, shi kuwa memorin da ya wuce giga 32 da wani tsari daban ya ke zuwa. Waƙar da aka sauke a matsayin bidiyo, ko aka turo ta muryar WhatsApp, sau da yawa ba ta fitowa. Ga jabun memori da ke haɗiye waƙoƙi, ga kwamfutocin shaguna masu raba ƙwayar cuta kyauta.

Kura da shan bugu

A nan ne kuma gizo ke saƙa. Hanyar da ta fi sauƙi ga direba ita ce ya miƙa memori a shagon masu tura waƙa, a cika masa shi dam da 'yan canji. Amma a cikin waɗannan canjin, ko sisi ba ya isa hannun wanda ya rubuta waƙar, ko zabiyar da ta yi amshi, ko mai fiyanon da ya kwana a situdiyo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A zamanin kaset, duk da satar fasaha, dila ya kan sayi aiki ya biya, a buga kwali, kuɗi su zagayo. Da tura-tura ta yi ƙarfi, kasuwar faifai ta durƙushe, shagunan da a da ba a samun wurin tsayawa ranar fitar sabon fim su ka koma sayar da wasu kaya. Mawaƙa da dama sai su ka jingina da wasan biki da waƙar siyasa, furodusoshi su ka yi hijira zuwa YouTube da tashoshin talbijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014.

Ga masoyin gaskiya akwai mafita. Manyan mawaƙan Hausa na da shafukan kan su a YouTube, kuma a na samun ayyukan su a manhajoji irin su Audiomack da Boomplay. Mai tafiya ya sauke waƙoƙin a cikin manhaja tun ya na gida, tunda sabis ba shi da tabbas a daji, ya jera su yadda ya ke so, sannan ya haɗa da mota. Abin da mawaƙi zai samu daga sauraro ɗaya ba shi da yawa, amma ya fi babu.

Taura biyu ba ta taunuwa

Wannan jerawa tun daga gida ta na da wani amfani da ya fi na kuɗi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ta na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya na daƙiƙa uku kacal don neman waƙar Umar M. Shareef a waya, ya yi tafiyar mita 80 da ɗoriya ido rufe, kusan tsawon filin ƙwallo. A cikin wannan tazara akwai rami, akwai akuya, akwai ɗan makaranta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta haramta amfani da waya a lokacin tuƙi, kuma jami'in ta ba zai tambaya ko kira a ke yi ko canza waƙa ba. Toshe kunne da iyafis ma ganganci ne, haka ƙure sauti har a kasa jin hon ko jiniya. 'Yan Adaidaita masu ɗaura ƙatuwar lasifika a bayan kujera su ma su tuna, ban da kashe batir, fasinja kuɗin tafiya ya biya, bai biya na ciwon kai ba.

A zamanin kaset, direba ba ya juya zare da kan sa, fasinjan gidan gaba ya ke miƙa wa biro. To yanzu ma a miƙa masa wayar. In kuma babu kowa a gefe, a bar waƙar da ta shigo ta ƙare, ko da ba ita a ke so ba. Wadda a ke so ɗin ta na nan, za a ji ta idan an sauka lafiya.