Komawa Ruwan Ƙasa Bayan Jan Rini

Jan rini yana saurin koɗewa, amma ba ya saurin barin gashi. Cikin 'yan makonni ƙyallin da ya ja hankalinki ya dushe, sai a bar ki da wani ja mai sirkin ruwan goro da ya kama silin gashin gam. Mace idan ta gaji da shi takan sayo kwalin rini mai hoton ruwan ƙasa ta shafe kan gaba ɗaya, washegari ta shiga rana ta ga jan yana leƙowa daga tsakiya, bakin gashin kuma ya yi duhu har ya kusa zama baƙi. A ganina matsalar tana farawa ne daga ɗaukar ragowar jan a matsayin abin da dole a kashe. Idan ruwan ƙasa mai rai kike so, irin na cakulan ko na zuma ko ruwan makuba, wannan ragowar ita ce harsashin da za a ɗora sabon launin a kai. Rage ta ake yi, ba kawar da ita ba.

Ki fara da tuna abin da ya sa gashin ya yi ja. Idan lalle ne, hanyarki daban ce. Sinadarin da ke cikin lalle yana haɗewa da jikin gashi har abada, kuma wasu lallen kwali suna ɗauke da gishirin ƙarfe da ke iya ƙona gashi idan ya gamu da ruwan rini na zamani. Mafita mai sauƙi ita ce garin baba, ganyen nan da ake rina tufa da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Shuɗinsa a kan jan lalle yana ba da ruwan ƙasa, gwargwadon yawansa gwargwadon duhun. Sai dai ki sani, gashin da ya sha baba idan aka sa masa bilicin daga baya yana iya komawa kore.

Idan kuwa rinin kanti ne, sai maganar lamba. Masu rini suna auna duhun gashi daga 1, baƙi wuluk, zuwa 10, mafi haske. Gashin yawancinmu yana tsakanin 1 da 3, wato kafin jan ya fito sai da aka ɗaga launinsa na asali. Don haka yanzu gashi iri biyu ne a kanki: sabon tofo mai duhu a gindi, da tsohon da aka riga aka wahalar. Ba a yi musu aiki iri ɗaya. Rini ba ya haskaka rinin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka ki zaɓi matakin da ya yi daidai da jan ko ya fi shi duhu kaɗan, galibi 4 ko 5. Gindin yana buƙatar ruwan haɗi, wato wanda ake gauraya rinin da shi, mai ƙarfin kashi 6 cikin 100, wanda ake rubuta wa 20 a kwalba, don ya ɗan buɗe. Tsawon gashin kuwa mai kashi 3 ko ƙasa da haka ya ishe shi, tunda launi kawai za a zuba masa. Bakin gashi a bar shi sai ƙarshe, domin ya fi ko'ina saurin tsotsewa.

Wajen haɗa launi ne ake gane gwanar mai gyaran gashi. Kore yana danne ja, shuɗi yana danne ruwan goro, shi ya sa ake ɗiga ɗan rini mai ruwan toka a cikin haɗin. Kaɗan nake nufi. Idan ya yi yawa gashin zai fito a mace, babu ƙyalli. Na fi son a ɗauki ruwan ƙasa tsantsa a matsayin kaso mafi girma, a ƙara mai ruwan zinariya, a bar jan da ke ƙasa ya yi sauran aikin. Kada ki dogara da lambar da ke bayan ɗigo a jikin kwali, domin ma'anarta a wajen L'Oréal ba ita ce a wajen Wella ba.

Kafin komai ya taɓa kanki, ki shafa ɗan rinin a bayan kunne ki jira sa'o'i 48. Sinadarin PPD da ke cikin rini mai duhu yana kumbura wa wasu fuska da fatar kai, musamman wadda baƙin lalle ya taɓa yi wa ƙuraje. Sannan a gwada a ɗan tsagi ɗaya daga ƙeya, a duba shi a hasken rana. Mai sa rilaksa ta bar aƙalla mako 2 tsakaninsa da rini.

Bayan maganar launi, sai aski mai hawa-hawa. A fara datse tsagaggen baki kafin rini, a gyara siffar bayan launin ya zauna. Amfanin hawa-hawan shi ne haske yana sauka a wurare daban-daban, ja-jan da zinariyar suna bayyana idan kika motsa. Amma a yi hattara da tsawo. Murɗaɗɗen gashi yana tsukewa sosai idan ya bushe, don haka a yanke shi a bushe, a yanayin da kika saba barinsa. Idan kina kitso, ki faɗa wa mai almakashin tun kafin ta fara, domin gajeren hawa yana tsattsagowa daga jikin shuku ya ɓata shi cikin kwana kaɗan. Hawa mafi gajarta ya tsaya wajen haɓa. Mai siririn gashi ta taƙaita da hawa biyu, kada ƙasan ya zama fayau.

Bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi jan zai sake ɗagowa. Ki riƙa wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi da shamfu mai laushi, ki shafa man kaɗanya a bakin gashin, idan launin ya fara juyawa a sake zuba masa rini marar ƙarfi na 'yan mintuna maimakon a maimaita aikin daga farko.